A duba layin da ke haɗa allunan ƙaramin tauraro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ana ta maganar ƙananan taurarin ɗan'adam na soja, amma ba a cika faɗin abin da ke kashe su ba. A samfurin CubeSat, mai santimita 10 ta kowane gefe, ana jera allunan lantarki ne hawa-hawa: na wuta, na kwamfuta, na rediyo. Ana iya sauya ɗaya ba tare da an sauya saura ba.

Matsalar tana kan layin da ke haɗa su. Da yawa suna amfani da I2C, wani layin aika saƙo tsakanin alluna mai waya biyu. Allo ɗaya ya maƙale, sai ya riƙe layin, duka su yi shiru. Layin CAN, wani nau'in layin saƙon daban, ya fi juriya nesa ba kusa ba. Kuma ya kamata kowane allo ya samu makunnin wutarsa daban, da agogon tsaro mai kashe shi ya sake kunnawa idan tururin sararin samaniya (radiation) ya rikita shi.

A nisan kilomita 500 daga ƙasa, tauraron kan gifta tashar ƙasa cikin kusan minti 10. Don haka sai umarnin da ake aika masa ya zama gajere, a kulle da AES-256 (tsarin sirranta saƙo), da lambar jeri mai sauyawa a kowane saƙo, don kada maƙiyi ya naɗa ya maimaita. Ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) za su iya gwada yawancin wannan a kan tebur.

Wani injiniya,
Samaru, Zariya