Wanda ya ba ka rubutunsa ka duba, amana ya ba ka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don in yi magana kan wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, mu masu harkar rubutu a nan Sakkwato, kuma da kaina zan fara.

Shekara biyu da suka wuce wani aminina, wanda tun muna makarantar allo muke tare, ya kawo mini labarin da ya rubuta, ya ce in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Na karanta shi cikin dare uku. Labarin yana da daɗi, amma akwai gyara jingim. Tsohuwar da aka yi wa jana'iza a babi na huɗu sai ga ta a babi na tara tana raba goron biki. Haruffa masu lanƙwasa duk sun zube, har baƙi suka koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ga "yace" da "tace" a manne tun daga farko har ƙarshe. Da ya dawo, na kalli yadda fuskarsa ke walwala, sai nauyi ya kama ni. Na ce, "Ma sha Allahu, Allah ya ƙara basira." Iyakar sharhina ke nan.

Ya sayar da babur ɗinsa ya buga littafin. Ranar ƙaddamarwa ni aka ba aikin sharhi, na hau mumbari na yi ta zuba kirari, manyan baƙi suka yi alkawarin kuɗi, aka ci aka sha aka watse. Ba a yi wata biyu ba wasu ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka tsinto tsohuwar nan da ta tashi daga kabari, aka yi ta yawo da hoton shafin a WhatsApp ana dariya. Ya same ni bayan la'asar a ƙofar gida, bai ko zauna ba, ya ce, "Malam, kai da kak karanta abin ga tun shina ga takarda, mi yah hana ka hwaɗa mani?" Wallahi na rasa bakin magana. Kunyar da na guje wa a zaure, mu biyu kaɗai, ita na ja masa a bainar jama'a.

Mukan kira wannan kara, ko alkunya. Ni yanzu na gane tsoro ne kawai: tsoron kada a ce hassada kake, tsoron kada gaisuwa ta yi sanyi. Alhali a garin nan ba mu gaji haka ba. Malam Abdullahi na Gwandu ƙanen Shehu Usmanu ne, ɗalibinsa ne kuma, amma ya saɓa masa a rubuce kan al'amura irin su kiɗa da laƙabin sarauta. Shehu ya mayar da jawabi a rubuce, kuma bai fasa kwaɗaitar da mutane su karanta littattafan ƙanen nasa ba. In waɗannan bayin Allah sun iya, mu da muke rubuta labarin soyayya mene ne namu na noƙewa?

Ba ina nufin a koma yanka ba. Akwai masu jiran littafi ya fito su hau Facebook su yi wa marubuci tsirara, su ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Wannan neman suna ne. Nasiha tana da lokacinta, kuma lokacin shi ne tun rubutu bai shiga inji ba. Ka zauna da mutum ka nuna masa shafi da layi, ka faɗi abin da ya burge ka da irin ƙarfin da za ka faɗi abin da ya karkace. Sannan ka san iyakarka. Na taɓa ganin wani ya bi littafin abokinsa ya goge duk Sakkwatancin da ke bakin taurarin, ya mayar da tsohon Gidan Madi yana magana kamar ɗan Fagge, wai gyara yake. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce.

Roƙona gare ka, ya Edita: in an aiko maka sharhin littafi, ka tambayi mai sharhin mene ne tsakaninsa da marubucin, kuma a bayyana wa masu karatu. Jawabin ranar ƙaddamarwa kuwa a bar shi a matsayin jawabin biki, a daina buga shi da sunan sharhi.

Aminin nawa dai ya yi wata huɗu ba ya leƙo ni. Makon jiya sai ga shi da sabon rubutu cikin leda, ya ajiye mini tare da jan biro, bai ce uffan ba. Ina shafi na 37 yanzu, biron ya kusa rabi.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.