Wasiƙa zuwa ga Bitrus a Fatakwal

Kano, daren Lahadi

Abokina Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya gida, ya Maman Dauda da yara, ya ruwan Fatakwal ɗin nan da ba ya gajiya? Mu nan lafiya lau sai godiya. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, da sassafe in na fito neman adaidaita zuwa Dawanau hazo ne ko'ina, leɓe duk ya tsattsage, yara kuma sai tari, amma da sauƙi.

Saƙon murya da ka turo ta WhatsApp na saurara har sau uku. Naso in kira ka nan take, sai naga maganar tafi ƙarfin kati, gara in zauna in rubuta ko da zata yi tsawo, kayi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Kace wani ɗan'uwa a cocinku ya kawo maka harka, ka sayar da filinka na gida ka zuba kuɗin, wata shida su ninka, kuma wai zuwa Juma'a za'a rufe. Kace kayi addu'a kaji salama a zuciyarka. Sai a ƙarshe ka ƙara da cewa dan Allah kar maganar ta kai kunnen madam tukuna. To wannan ta ƙarshen ce ta hana ni barci, domin ni ma na taɓa faɗin irinta, kuma ban taɓa baka labarin abin da ya biyo baya ba.

Kasan ƙanena Yohanna. Ya gama sakandare ya zauna ba aiki, kuma tunda aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita sahu ce abin da matasa ke rugawa. A farkon 2023 ya samo wani mutum mai bada adaidaita kana kawo balas kullum har ka gama biya ta zama taka, amma sai an samu wanda zai tsaya maka. Inna ta kira ni daga ƙauye, muryarta na rawa, tace Ishaya in ba kai ba wa yake da shi? Ranar nan nan na tafi Fagge, a kan benci na sa hannu, takarda shafi biyu ce, na biyun ko dubawa ban yi ba. A hanyar komawa gida ne nace Ubangiji ka albarkaci wannan abu, naji zuciyata wasai, nace to ai Allah ya amince. Maman Rahila kuwa ban gaya mata ba, don nasan zata ce mu tsaya mu duba, ni kuma bana son jin a tsaya.

Watanni na farko komai lafiya. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mutane suka koma takawa da ƙafa daga Bata har Kantin Kwari, yaro ya wuni yana zagaye ya dawo da abin da bai kai balas ba. Bashi ya fara taruwa yana ɓoye mini, daga baya injin ya buga. Wata rana cikin Satumba ya ajiye mashin ɗin a ƙofar gidan mai shi ya kashe waya, sai labari muka ji wai yana Abuja yana leburanci.

Mai mashin ya zo gidana a Badawa da magariba, shi da wani, da takardar a hannunsa. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, ya buɗe shafi na biyu ya nuna mini da yatsa: bashin balas da kuɗin gyara, naira dubu 480, duk a wuyana. Maman Rahila tana tsakar gida tana kwashe tuwo, ta ji komai. Ta kawo musu ruwa, ta gaishe su da ladabi, suka tafi. Ta zuba wa yara abinci, ta kwantar da su, ni dai ina zaune a kan tabarma na kasa haɗiye ko loma ɗaya. Sai ta zo ta zauna kusa da ni tace, Baban Rahila, ka roƙi Allah a kan maganar nan? Nace na roƙa. Tace kafin ka sa hannu ko bayan ka sa? Bitrus, bakina ya mutu. Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki nata wanda bangon ya yage, ta buɗe Karin Magana 22:26-27, inda aka ja kunnen mai tsaya wa wani lamuni, cewa in ya rasa abin biya har gadon da yake kwana a kai za'a ɗauke. Tace da ka gaya mini ai ba zan ce ka yar da ɗan'uwanka ba, da nace mu haɗa masa jari daidai ƙarfinmu, wanda ko ya nutse ba zai ja mu ba. Ayar nan na sha karanta ta, har a taron matasa na taɓa koyar da ita, amma ranar da ya kamata ta yi mini aiki ban neme ta ba, domin na riga na yanke abin da nake so.

Nan ne na gane salamar da naji a cikin adaidaita ranar nan, daɗi ne kawai na mutumin da ya sauke nauyin kukan uwarsa ya samu abin da yake so. Zuciya ta iya yi wa mutum wannan, ta baka sanyi ta ce daga Sama ne.

Abin bai tsaya a gida ba, ya bi ni har wurin aiki, kuma wannan ne nafi so kaji. Kasan shekara goma sha ɗaya kenan nake riƙe da siton Alhaji a Dawanau, riɗi da zoɓo muke saye, a rairaye a gyara a ɗura a tirela zuwa Legas, daga can ya hau jirgin ruwa, zoɓo yawanci Meziko yake tafiya, riɗi kuma ƙasashe irin su Sin da Japan da Turkiyya. Masu saye can ba sa wasa da tsafta, shi yasa duk kayan da ya shigo sai na soka buhu na ɗebi samfur na duba, na hau da shi sikeli, in na sa hannu shikenan Alhaji biya kawai zai yi. In zai tafi masallacin Juma'a makullai a hannuna yake bari, Lahadi kuma bai taɓa cewa in zo aiki ba.

Cikin Disamba, kakar riɗi ta kankama, wani ejan ya kawo buhu 300 daga wajen Jigawa. Na soka na farko daga sama, fes. Na sa 'yan dako suka juyo wani daga tsakiyar mota na soka ta gindi, na zuba a tafin hannu na hura, sai ga yashi fari mai laushi ya kwanta a layin hannuna, irin wanda aka tankaɗe da gangan don ya saje. Na gwada biyar, huɗu haka suke. Mutumin ya ja ni bayan mota, ya rage murya yace Malam Ishaya, mun san abin da ke damunka, dubu biyu a kowane buhu, yanzun nan zaka ji alat, kai dai ka sa hannu. Kayi lissafi da kanka, dubu 600 kenan, bashin ya biya har da ragowar kayan Kirsimeti na yara. Ba zan ɓoye maka ba, hannuna har rawa yake, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne, ko dai wannan ce amsar addu'ar da nake ta yi wata uku? Abu ɗaya kawai na iya, nace masa a bar motar ta kwana, gobe ma rana ce. Ya matsa, yace direba na sauri, yau ne ko babu. Nace to sai dai babu, a kwana.

Da na koma gida wannan karon ban ɓoye ba, na zayyana mata komai. Muka durƙusa, ta karanta Yaƙub 1:5, cewa wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah mai bayarwa hannu sake ba tare da gori ba, muka roƙa ba tare da mun kawo masa amsar da muke so ya buga wa hatimi ba. Ita ce ta tuna mini Karin Magana 11:1, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, tace abin da Allah ya riga ya rubuta ƙarara ai ba sai an yi azumi a kansa ba. Sai tace in je wurin Baba dattijo, tsohon hedimastan nan na cocinmu da ya koya mana waƙa muna yara, har yanzu yana nan da ransa sai dai ƙafa.

Na same shi da asuba yana shan koko a lulluɓe da bargo. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Maganar yashi bai ma ɓata lokaci a kanta ba, yace wannan ai ka san amsarta tun kafin ka zo. Abin da ya tambaye ni shi ne, mai gidan naka ya san kana cikin bashi? Nace a'a, kunya nake ji. Yace to ejan ya sani, mai gidanka bai sani ba, kaga ta inda ɓarawo ya samu ƙofa kenan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tashi ka je ka gaya masa duka biyun. Ya ƙara da wata magana da har yau take raina, yace Ishaya a kasuwar nan kowa ya san sunanka ya san inda kake sujada, in ka taɓa sikeli ba kai kaɗai za'a zaga ba.

Na je na gaya wa Alhaji. Ya yi shiru, ya sa aka sauke buhu goma aka rairaye a gabansa, ya ga yashin da idonsa, yace a mayar da kayan. Sannan ya juyo kaina da faɗa, faɗa sosai, wai shekara da shekaru muna tare ace ina cikin wannan hali wata uku ban buɗe baki ba, me na ɗauke shi? Ya ranta mini rabin kuɗin ana cirewa a albashi kaɗan kaɗan. Sauran rabin Maman Rahila ta kwashi adashinta na Zumuntar Mata ta haɗa da kuɗin keken ɗinkinta na biyu da ta sayar, keken da ta yi shekara biyu tana tara kuɗinsa. Ranar da aka zo ɗauka ta goge shi tas ta sa masa mai, ta shige ɗaki bata tsaya ta ga fitarsa ba. Kirsimetin shekarar da tsofaffin kaya yara suka je coci, Rahila muka canza mata makaranta zuwa mai sauƙin kuɗi, ta yi kuka ta haƙura. Ejan ɗin nan har yau in mun haɗu kau da kai yake, kuma naji irin abin da yake faɗa a kaina. Yohanna ya dawo bara, mun gaisa, na yafe masa, amma tsakaninmu bai koma kamar da ba tukuna, ina ta addu'a a kai, kai ma ka sa mu.

To Bitrus, ni ban ga takardun harkar taka ba, kuma ba zan ce ɗan'uwan nan mugu ne ba, wataƙila shi ma da zuciya ɗaya ya shiga. Amma kai da ni mun ga abin da MMM, harkar nan ta zuba kuɗi da alkawarin riba mai yawa, ta yi wa mutane a ƙarshen 2016, kuma da yawa a coci aka ja su, ta hannun wanda suke cin jibin Ubangiji tare. Ka tambaye shi me ake saye me ake sayarwa da har kuɗi zai ninka a wata shida, ni da nake cikin kasuwa kullum nasan ribar buhu, kuma ba haka take ba. In ya ce kai dai ka bada gaskiya, ka tuna Ubangiji da kansa a Luka 14:28 ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Wannan zuwa Juma'a ɗin kuma irin direba na sauri ne da aka ce mini. Filin nan gadon Baba ne, shi kaɗai kake da shi a gida, kuma na Dauda ne da ƙannensa.

Abin da nake roƙonka, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka zaunar da Maman Dauda ka gaya mata duka, har da cewa ka so ɓoyewa. Zata yi fushi, ka bari ta yi. Sannan ku nemi wani babba da bashi da ko kwabo a cikin harkar, ba wanda zai samu la'ada in ka shiga ba, ku baje masa. In bayan haka ku biyun kun ga hanya ce, ni ba zan ƙara cewa komai ba. Ni dai ba zan kai mata maganar ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba, gara ka sani tun yanzu.

Ni ma yanzu akwai wadda ke gabana. Idon Inna ya yi yana, muna so mu kawo ta asibitin ido na ECWA a duba, sai dai in an yi aikin ina zata zauna, nan ɗaki biyu ne da mu, ita kuma bata son barin awakinta. Sati biyu kenan muna juya maganar da Maman Rahila bamu yanke ba, Asabar zamu je ƙauye mu ji ta bakin Inna da Kawu.

Kilishi da daddawa da kuka da Maman Dauda ta ce, an haɗa, zan bai wa direban motar dare a tashar Sabon Gari ranar Laraba, in ya tashi zan turo maka lambarsa. Ka gaida Dauda, kace masa naji ya ci jarrabawa. Ka kira ni kafin Juma'a ko da tsakar dare ne, wayata a kunne take.

Naka,
Ishaya