Wasiƙa zuwa Helsinki

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Mahaifiyarki ta faɗa mini ƙorafinki a kan abokina, wato ɗanki, wai yanzu ba a isa a nuna masa bidiyo a waya ba sai ya ce wa ya ɗauka, a ina, yaushe. Har kina shirin zuwa makarantar ki yi magana. Kada ki je.

Ba malamarsa ce ta ƙirƙiro abin ba, tsarin ƙasar ne. Iyakar Finland da Rasha ta haura kilomita 1,300, kuma tun da Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014 suka ƙara ɗaura ɗamarar yaƙi da labaran ƙarya. Manhajar da suka fara aiki da ita a 2016 ba ta ware wa tantance labari darasi guda ba, cusa shi ta yi cikin kowane fanni. A lissafi sai a nuna wa yaro yadda ake yanke gindin jadawali, ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba ya fito ƙato. A darasin zane kuma a ba shi hoto, a datse gefensa, ya ga da idonsa yadda mai raba faɗa ya koma mai duka. Akwai wata cibiya a Sofiya ta Bulgeriya da ke auna ƙasashen Turai a wannan fanni tun 2017, kuma Finland ce ta saba zuwa ta ɗaya.

Kin manta watan Agustan 2014, lokacin Ebola? Cikin dare saƙo ya zagaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin asuba an tashi gidaje ana ɗora tukunya. Wasu sun kwana asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu. Masu kiran waya ba mugaye ba ne, 'yan uwa ne da ke tsoron a mutu, sai dai ba wanda ya tsaya ya ce in ji wa. Tambayar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamin hadisi Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba, wato jerin waɗanda aka karɓo magana daga bakinsu, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Inda nake so ki sa ido shi ne ladabi. Can yaro da sunansa yake kiran malami, ba su ɗauke shi komai ba. Ki koya masa cewa ba a ce wa babba "ƙarya ne". Ya ce, "Kawu, a ina aka samo wannan?" sannan ya yi shiru ya saurara.

Kuma ki sani malamarsa ba ta jin Hausa. Saƙonnin murya da ke shigo miki ta WhatsApp, na mai maganin da ke warkar da ciwon suga cikin mako guda, da bidiyon rikicin wata ƙasa da aka liƙa wa sunan Jos, ba za su taɓa shiga ajinsu ba. Wannan aikinki ne. In an turo, ku zauna tare ku bi sawun abin kafin ki tura wa kowa, ko da ni na turo.

Ki gaishe da maigidan naki. Yajin da kika ce yana hannun mahaifiyarki, sai an sami mai tahowa.

Mahaifinki