Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Binciken Da Za Ta Fara

Tudun Wada, Zariya

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma hidimar ƙasa tana ƙarewa lami lafiya. Saƙonki ya iso, ni da mahaifiyarki mun gode wa Allah da ya sa kika sami gurbin digiri na biyu a fannin injiniyancin ruwa da muhalli. Kin nemi shawarata a kan ko ki ɗauki batun da za ki kammala a gaban kwamfuta da alƙaluman da wasu suka tara a wata ƙasa, ko kuwa ki shiga unguwannin Zariya ki binciki ruwan da mutane suke sha. Na zaɓi in amsa miki a rubuce domin ki sami abin komawa gare shi idan aikin ya yi nauyi.

Shawarata ita ce ki ɗauki na biyun. Na san ya fi wahala, ya fi cin lokaci da kuɗi, kuma na san abokan karatunki za su riga ki buga takarda. Amma shekarun da na yi ina aikin tattara bayanai a ƙauyuka sun tabbatar mini cewa binciken da yake amfanar mutane shi ne wanda tambayarsa ta fito daga rayuwarsu, sa'an nan amsarsa ta koma gare su. Wanda kuma ya bi irin wannan tambaya da gaske, ba zai daɗe ba zai ga ta fitar da shi daga sashensa ta kai shi ƙofar wasu sassan.

A nan garinmu aka nuna wa duniya haka tun kafin a haife ki. A shekarun 1960 da 1970, masana da yawa suna ganin manominmu da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya bai waye ba ne, kuma abin da ya rage shi ne a koya masa shuka iri ɗaya a kunya. Sai wasu masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin jagorancin David Norman, suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da kowane gida ya yi da abin da ya girba. Suka gano cewa haɗa amfanin gona ya fi ba manomi riba idan aka duba ƙarancin hannun aiki lokacin noma, kuma ya fi kare shi daga asara a shekarar da damina ta yi gardama. Masanin iri shi kaɗai ba zai ga wannan ba, domin amsar tana cikin lissafin gida da rabon aiki, kuma sai da aka saurari manomi kafin a same ta.

Hanwar nan da na ambata ƙauye ce a wancan lokaci, yau kuwa gari ya haɗiye ta, kamar yadda ya miƙe ta Palladan da Gwargwaje da Ɗan Magaji. Wannan shi ne farkon abin da zai tare ki. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka duk wanda ya ce miki ga yawan mutanen wata unguwa, ƙiyasi yake yi, kuma bututun da aka auna bisa ƙiyasin da ya tsufa ba zai wadatar ba ko da an shimfiɗa shi daidai. Ki kuma lura da kududdufan cikin Birni. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Da aka riƙa cike su da shara ana gina gidaje a kai, ruwa ya rasa wurin zuwa, yana kwanciya a lunguna, yana haɗuwa da abin da ke fitowa daga masai, yana tsiyaya cikin rijiyoyin da ba su da zurfi. Ba za ki fahimci sakamakon samfurin ruwanki ba sai kin san wannan tarihin, kuma masu tsara birane da dattawan unguwa ne suka san shi.

Ina so ki yi nazarin abin da ya faru a Zamfara a 2010, domin ban san wani misali da ya fi shi nuna yadda fannoni suke buƙatar juna ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan sun yi ta jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kawo duwatsun ma'adini cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a inji, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Sama da yara 400 suka rasu. Likita yana da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaron zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar, don haka sai da injiniyoyin muhalli suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa kafin magani ya yi tasiri. A Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa, wannan aiki bai samu ba sai 2013. Bayan haka kuma ga tambayar da ba ta likita ba ce, ba ta injiniya ba: yaya za a hana mutum sana'ar da ta fi noma kawo masa kuɗi? Hani kawai yakan sa a koma yi a ɓoye. Abin da ya fi amfani shi ne a fitar da niƙan daga cikin gari, a koya wa masu haƙa yadda za su rage ƙura, su wanke jiki su sauya tufafi kafin su shiga gida. Duk da haka irin wannan annoba ta sake ɓulla a Jihar Neja a 2015, abin da yake nuna cewa sakamakon bincike ba ya isa ƙauye da kansa.

Kada kuma ki ɗauka cewa sai abu mai tsada ko mai sarƙaƙiya ne ya cancanci sunan bincike. A 2023 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya ƙunshi mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Matsalar ita ce zubar jini bayan haihuwa, wadda take kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa, kuma ungozoma takan ƙiyasta jinin da ido, ido kuwa yana yawan kuskure. Aka sa wata leda mai awo a ƙarƙashin mai jego domin a ga ainihin abin da ya zuba, aka kuma ce da zarar ya kai ma'auni a ba da dukkan magungunan a lokaci ɗaya maimakon a gwada ɗaya a jira. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Na so wannan aiki ƙwarai, domin babu sabon magani a cikinsa, akwai dai kyakkyawan awo da lura da yadda ma'aikaciya take aiki cikin gaggawa.

Ke ma awonki kada ya tsaya a bakin famfo ko burtsatse. Masu bincike sun daɗe da nuna cewa ruwa yakan fito da tsabta daga tushensa, ya gurɓata a hanya. Ki bi shi daga inda ɗan garuwa ya cika jarka, zuwa kurar da ya tura, zuwa randar da aka juye shi, zuwa moɗar da kowa yake tsomawa. A nan kina da abin da ni ban taɓa samu ba a zamanin aikina: ke mace ce, za ki wuce zaure ki shiga cikin gida. Mu a zaure muke tsayawa, maigida ya ba mu amsa a kan abin da matarsa ce ta san shi. Ki tambayi matan nawa suke kashewa a ruwa kowace rana, da wane ruwa suke sha da wanda suke wanki, da abin da suke yi idan yaro ya fara amai da gudawa. Annobar kwalara ta 2021 ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,000, akasarinsu a Arewa, kuma ba na shakka cewa amsoshin waɗannan mata suna cikin abin da ake buƙata kafin wata ta zo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Tunawa da wannan yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003, cutar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe, kuma sai a 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita a asalin nau'inta. Yaran da suka shanye a tsakani ba su san komai game da wancan gwaji ba. Saboda haka kafin ki ɗebi ko cokali ɗaya na ruwan wani gida, ki sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki gaida mai unguwa, ki faɗa wa matar gida da Hausar da za ta gane abin da za ki yi da wanda ba za ki iya yi ba. Idan ta tambaye ki ko gwamnati za ta kawo musu famfo bayan wannan, ki ce mata ba ki da ikon yin wannan alkawari. Idan ta ƙi, ki yi godiya ki fita. Kada sunan gida ko hotonsa ya shiga kundinki.

Sauran abubuwan kin san su, zan ambace su ne kawai. Kada ki cike takardar tambayoyi da hannunki a madadin wanda ba ki gani ba, kuma idan kin ɗauki masu taimako ki riƙa komawa wasu gidajen kina tabbatarwa. Idan sakamako ya saɓa wa abin da kika zata, ki rubuta shi yadda ya zo. Ki nisanci mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da masana sun duba ba. Manhajojin nan masu rubutu kuwa, ko sun gyara miki jimla, ba su je Tudun Jukun sun ɗebo ruwa ba, kuma ke ce za ki tsaya gaban malamai ki kare kowane adadi.

Ki nemi izinin malamin da zai duba aikinki ya haɗa ki da wani a sashen kiwon lafiyar al'umma da wani a sashen tsara birane tun kafin ki rubuta tsarin binciken, domin idan kin gama tara bayanai ba za ki iya ƙara tambayar da kika manta ba. Ki kuma ware kuɗi da lokaci tun yanzu domin komawa unguwannin da kika yi aiki. Shafi biyu da Hausa ya isa, a karanta wa mai unguwa da limami da matan makarantar Islamiyya, a faɗa musu rijiyoyin da ya kamata a daina sha da yadda za a tsare randa. Gidan da kika tarar ruwansa yana da haɗari kuwa, kada ki jira ranar kare kundi, ki sanar da su a makon.

Ki yi ƙoƙari ki dawo kafin ruwan farko, domin samfurin rani da na damina ba ɗaya ba ne, kuma kina buƙatar duka biyun. Na yi wa kawunki na Ƙofar Doka magana, ya ce zai raka ki wurin masu unguwannin cikin Birni. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya.

Mahaifinki.