A raba wa masu harhaɗa magunguna guraben horo kamar yadda ake yi wa likitoci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan ƙannenmu da ke gama karatun harhaɗa magunguna a jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello, Bayero, Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri, sannan su koma gida su zauna jiran wurin horo.

Ga wanda bai san tsarin ba: yaro zai yi shekara 5 ko 6 yana karatu, a rantsar da shi, hukumar PCN mai kula da sana'ar ta ba shi rajista ta wucin gadi. Daga nan sai ya yi wata 12 na sanin makamar aiki ƙarƙashin gogaggen ma'aikaci, a wurin da hukumar ta amince da shi, ya ci jarrabawar neman cikakkiyar rajista da ake kira PEP, sannan a ba shi cikakken lasisi. Ita ma bautar ƙasa sai bayan horon. Ni ina goyon bayan wannan tsauri ɗari bisa ɗari. Wanda zai auna wa jariri magani, ko ya mayar wa likita takarda don ya ga magunguna biyu da bai kamata su haɗu ba, dole a ce wani babba ya tsaya a kansa ya ga hannunsa ya faɗa.

Inda gizo ke saƙar shi ne samun gurbin. Kowane asibiti da ranar da yake buɗe ƙofarsa, da jarrabawarsa, da mutanensa. Yarinyar da ke taimaka mini a shagona na magani, wadda ta fi ni sanin sababbin magunguna, ta bi asibitoci a jihohi daban-daban da kuɗin motar da mahaifinta ya ranto, har shekara ta zagayo ba a kira ta ba. Wasu 'yan ajinsu da ke da uwa a gindin murhu kuwa tuni sun gama. Abin yana ci mini rai, don duk watan da ta yi a zaune, abin da ta karanta raguwa yake yi, kuma doka ba ta ba ni damar in bar mata shagon ba.

Likitoci sun sha irin wannan wahala, har a 2021 hukumarsu ta MDCN ta mayar da rabon gurabe a asibitocin tarayya hannunta. Sabon likita zai shiga shafinta, ya ga inda ke da wuri, ya zaɓa. Me ya hana a yi wa namu haka? A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar PCN da ta ƙara mata ƙarfi. Ina roƙon hukumar da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su buɗe shafi ɗaya da zai nuna kowane gurbi, a asibitin koyarwa ne, a kamfanin magani ko a shago mai rajista, a riƙa bayarwa bisa layi.

Gwamnoninmu na Arewa ma da nasu aikin. Su gyara sashen magani na manyan asibitocin jiha yadda PCN za ta amince da su, su kuma sa alawus ɗin masu horon cikin kasafi, tunda su ne ke kukan ƙarancin ma'aikata a karkara.

Na gode.

Wani mai shagon magani,
Tudun Wada, Zariya