Wasiƙa daga Agege kan asalin Kaka Saja

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen Kaduna.

Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne maganar kakana, wanda ka sha jin ana kiransa Saja a gidanmu. Bayan rasuwar Gwaggo, Allah ya jiƙanta, mun buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da hotonsa da takardar sallamarsa daga soja da lambar yabo ta yaƙin Bama mai siffar tauraro. Babu suna a jikin lambar, amma takardar ta nuna yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta gwabza da Japanawa a yankin Arakan. Abin kunya, shekara da shekaru ina wuce barikin Arakan a Apapa da na Myhoung a Yaba ban san cewa sunayen fagagen da ya taka ba ne, musamman garin Myohaung da suka ƙwace a Janairun 1945.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunansa. An rubuta Garba Zariya, ba sunan uba, alhali Gwaggo ta sha faɗa mana cewa shi ba Bazazzagi ba ne, a Zariya dai aka ɗauke shi. Haka magatakardan soja suka riƙa yi, su liƙa wa kurtu sunan garin da ya ambata, wani kuma da gangan yake ɓoye asalinsa don ya baro gida babu izini. Tun 1863, lokacin da Glover, wani hafsan sojan ruwan Ingila, ya kafa dakarunsa a nan Legas, waɗanda da yawansu bayi ne da suka gudo, aka riƙa kiran sojan Bature Bahaushe ko da wace ƙabila ce ta haife shi, domin Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Saboda haka ni ban ƙara yarda da takarda fiye da fuska ba. A hoton, tsagarsa ta fito sarai, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kuma wani dattijo a Zangon Agege yana gani ya ce wannan Bagobiri ne, har ya soma yi mini wasan Yarbawa da Gobirawa.

Roƙona gare ka shi ne, idan ka sami sarari, ka leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ka duba fayilolin Lardin Sakkwato na shekarun yaƙin, musamman abin da ya shafi ɗibar soja ta hannun hakimai. Na haɗo maka kwafin takardar, lambarsa ta soja tana sama. Ni kuma bayan Sallah zan nufi Sabon Birni da hoton, in zauna da tsofaffi.

A gaida mini Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Bello