Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da waɗanda aka ɗage don ba a taru ba.

Darasin tarihin silima mun faro shi daga nunin fim da 'yan uwan nan biyu na Faransa, Lumière, suka yi a birnin Paris ranar 28 ga Disamba 1895. Muka bi ta kan Georges Méliès, mai shirya fim na Faransa, da dabararsa ta tsayar da kyamara a janye mutum, a ci gaba da ɗauka, sai a ga ya ɓace ɓat. Muka iso 1927, lokacin da fim mai magana ya fara karɓuwa a Amurka, nan muka tsaya. Masu tambayar me ya hana a kai ga zuwan fim mai launi, ko aikin Ousmane Sembène, mai shirya fim na Senegal, da aka sa a jadawali, su tambayi waɗanda suka ɗaga hannu a taron farko cewa za su koyar. Har yau muna jiransu.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne ranar nunin gajerun finafinan ɗalibai. Wanda bai zo ba ya yi asara. Rukuni ɗaya ya maimaita gwajin Lev Kuleshov, mai shirya fim na Rasha, da wayar hannu kawai. Suka ɗauki fuskar abokinsu daga kusa, ba fara'a ba ɓacin rai, suka haɗa ta da hotuna uku: takardar sakamakon jarrabawa, ƙofa a garƙame, da jariri yana wasa. 'Yan kallo suka ce a na farko fargaba yake, a na biyu ya fusata, a na uku tausayi ya kama shi, har wani yana yaba masa iya wasa. Da aka faɗa musu ɗauka ɗaya ce aka maimaita, sai zauren ya kaure da shewa. Mun daɗe muna gaya wa yaran nan cewa wajen tacewa, wato yanka da jera hotunan da aka ɗauka, ake gina ma'ana, ranar suka yarda.

A wani fim ɗin kuma an tsallaka layi, an karya ƙa'idar digiri 180, wadda ta ce kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakanin masu hira, sai masu hira biyu suka koma kamar gefe guda suke kallo. Ɗaliba ce daga cikin 'yan kallo ta gano, kafin wani malami ya buɗe baki. Fim ɗin da ya zo na ɗaya kuwa kan mabuɗin da ya ɓata ne, ba wani babban labari ba, amma kashi ukun nan na tsarin labari sun zauna daram: an nuna abin da yaron yake so, an gindaya masa cikas, an warware. A ganina ya fi wasu dogayen da muke kallo tsari.

Sai dai sauti ya ba mu kunya. Iska ta cinye rabin maganganun, kuma ɗan kallo yakan haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba ya haƙura da maganar da ba ya ji. Makirufon da aka amince a saya ba a saya ba, domin akasarin membobi ba su biya kuɗin wata ba. Ni da ma'aji mun kira, mun tura saƙo, mun tunatar har muka fara jin nauyi. Wasu a dandalin WhatsApp kawai muke ganinsu, suna kawo shawarar a sayi kyamara.

Fim ɗin tarihin ƙungiya ma bai mutu ba, kamar yadda ake raɗe-raɗi. An gama ɗauka, tacewa ta rage, kwamfutar da muke ara kuma mai ita ya karɓi abarsa.

Ma'aji zai karanto sunayen waɗanda ake bi bashi a taro mai zuwa. Mai son kada a kira sunansa ya gan shi kafin ranar. A taron ne kuma za a sake raba darussan tarihi, daga 1927 zuwa gaba.

Sakatare